Waiwaye: Yadda Muka Bi Kufan Borno Muna Neman Aljanu

Idan aka jera Maiduguri da Kano ko Katsina ko Zariya, yaron gari ne. A shekarar 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, kusa da inda Turawan Ingila suka kafa barikinsu, daga nan garin ya soma bunƙasa. Saboda haka mu da muka tashi a unguwar Hausari a farkon shekarun 1980 ba mu da ganuwa mai ɗaruruwan shekaru, ba mu da Dala, ba mu da Kufena, ba mu da rijiyar Kusugu. Abin da muke da shi yana can nesa da gari: birane uku da suka riƙe mulkin Borno ɗaya bayan ɗaya, kowannensu kuma ya ga yaƙi. Su ne Birnin Gazargamu da Kukawa da Dikwa.

Tun ba mu san inda suke ba muka san sunayensu, don kullum suna bakin direbobi da fataken banda da ke sauka a zauren gidanmu. In an tashi daga karatun dare, sai mu raɓe a bakin zaure muna saurare. Wannan ya ce a gidan Rabe da ke Dikwa ana jin sukuwar dawaki da ƙarar sarƙa idan dare ya raba. Wancan ya ce a Kukawa akwai filin da mutanen ɓoye ke cin kasuwa, kana hango fitilu, in ka matsa su ɓace. Wani kuma ya rantse ya san makiyayin da ya yi gamo a kufan Gazargamu, bai sāke magana daidai ba. Mu kuwa dama an raine mu da dokokin zama da su: kada a zubar da ruwan zafi ba bisimilla, kada a zauna a bakin ƙofa da almuru, kada a ratsa gindin tsamiya ko kuka da rana tsaka, kada a yi fito da dare. Yaron da ya tashi a cikin wannan, in ya tasa, ɗayan biyu ne: ko ya guji kufai har abada, ko ya ƙudura sai ya gani da idonsa. Mu na biyun muka zama.

Allah ya haɗa mu da hanya ta hannun kawuna, direban babbar mota, wanda ke jigilar hatsi da banda tsakanin Maiduguri da kasuwannin lardi. Duk hutun makaranta sai ya ɗauke mu a matsayin yaran mota, ni da ɗan wan mahaifina da wani abokinmu na sakandare, Babarbare, wanda shi ne tafintanmu. Kayan aikinmu ba su da yawa: tocila, da wata 'yar rikoda da muka aro da kaset a cikinta, da layar da Inna ta ɗinka wa kowannenmu a fata. Da za mu fita ta riƙe hannun Kawu ta ce, "Ga amana nan. Kada ka bar su su kwana a kango." Ya ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki, inda na kwana nan za su kwana."

Dikwa muka fara zuwa. Ana fita ta gabas, ta hanyar Mafa, a ratsa ƙasar firgi, baƙar laka wadda ke tsattsagewa da rani, inda manoma ke dasa masakwa bayan ruwa ya janye. Tafiya ce ta kilomita kusan 90. Gidan Rabe yana cikin gari, ginin ƙasa ne mai kaurin bango, an sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun kafin samun 'yancin kai. Da ka sa ƙafa a ciki sai zafin waje ya yanke, sanyi ya sauko maka, warin kashin jemage ya cika maka hanci. Ginshiƙan ƙasa ne ke riƙe da rufin, masu kauri ƙwarai, haske kuwa sai ɗan abin da ya kutso ta ƙananan tagogi. Na dafa bango na ji shi sumul, a wani wuri kuma tafin hannuna ya faɗa daidai cikin shatin yatsun wanda ya yi yaɓen. Nan jikina ya fara yin sanyi, tun rana ba ta faɗi ba.

Mai wannan gida daga ƙasar Sudan ya fito, da rundunar 'yan bindiga masu horo, kowace ƙungiya da tutarta. A 1893 ya karya rundunar Borno, Shehu Hashimi ya bar Kukawa, aka ƙone birnin. Shehu Kiyari da ya gaje shi ya ja daga, shi ma aka kama shi aka kashe. Rabe ya mai da Dikwa hedikwatarsa. A nan Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya auri 'yarsa Hauwa, ya zauna tare da shi, daga baya suka ɓata, ɗan Rabe mai suna Fadlallah ya kashe shi a 1898. Shi kansa Rabe shekara bakwai kawai ya yi yana mulkin Borno. Ranar 22 ga Afrilu, 1900, sojojin Faransa suka ci shi da yaƙi a Kuseri, aka sare kansa. Kwamandan Faransawan, Lami, shi ma a ranar ya mutu, aka sa wa garin da ke tsallaken kogi sunansa, wanda yau ake kira Njamena. Daga wannan sarar kai ne labarin da ya fi ba mu tsoro ya samo asali, wai gangar jikinsa na dawowa Dikwa bisa doki tana neman kanta.

Akwai wani dattijo da ke kula da wurin. Muka durƙusa muka gaishe shi, abokinmu ya yi masa wushe-wushe da Barbarci, ashe yana jin Hausa sarai. Na ce, "Baba, da gaske ne ana jin dawaki a nan da dare?" Ya daɗe yana dubanmu, sannan ya ce, "'Ya'yana, ku zauna." Ya nuna bango da sandarsa ya ce, "Uwata tana yarinya aka kamo ta daga ƙauyensu. Da kanta ta ɗauko ruwan da aka kwaɓa ƙasar nan. Har ta koma ga Allah ba ta yarda ta bi ta ƙofar gidan nan ba, sai ta zagaya. Ni na kwana a nan ba adadi, ban ga doki ba. Amma in na kwanta, ita nake tunawa." Ya ci gaba da ba mu labarin yadda ake raba aiki, da yadda ake hukunta wanda ya gudu, da yadda Jamusawa suka karɓi garin bayan Faransawa, sannan Ingilishi suka karɓa daga hannunsu, har zuwa ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 da ta tabbatar da ƙasar Dikwa a cikin Nijeriya.

Da dare, bayan sallar isha'i, Kawu ya bar mu muka zauna a gindin katangar gidan daga waje, shi yana kan tabarma a gefen mota yana kallonmu. Muka kashe tocila. Jemagu na fita suna shiga, mujiya na kuka daga wata bishiya, iskar hunturu na busawa ta kafofin bango da wani irin sauti mai kama da nishi. Tsoron da muka ji a daren nan na gaske ne, kowa bakinsa na motsi da Ayatul Kursiyyu. Ba mu ga kowa ba har sanyi ya kore mu. Sai da muka dawo gida muka kunna kaset, muka tarar ɓangaren dare babu komai sai hucin iska, amma ɗaya ɓangaren cike yake da muryar dattijon nan, don mun danna rikodar tun da rana lokacin da ya fara magana. Mahaifina ya saurara har ƙarshe, ya sa aka kira maƙwabta, aka sāke kunnawa. Wani tsoho cikinsu ya share hawaye ya ce kakansa ma gudun Rabe ne ya raba shi da garinsu.

Kukawa a wani hutun muka je ta. Ana bin hanyar Baga ne, ta Gajiram da Monguno zuwa Kuros Kauwa, sannan a karkata. Shehu Muhammadul Amin Elkanemi, wanda Barebari ke kira Shehu Laminu, shi ya kafa ta a 1814. Mayaƙan Wadai suka rushe ta a 1846, ɗansa Shehu Umar ya sāke gina ta gari biyu, kowanne da ganuwarsa: na gabas na Shehu da fadawansa, na yamma na talakawa da 'yan kasuwa. Babbar kasuwarta ran Litinin take ci, kuma duk wanda ya san Kasuwar Litinin ta Maiduguri zai ji sunan bai zame masa baƙo ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya yi yawon ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya iso Kukawa a 1851 ya same ta cike da fatake daga Kano da Tarabulus. Ana cinikin dawaki da kanwa da gashin jimina da hauren giwa. Ana kuma cinikin bayi, maza da mata da yara, waɗanda ake ratsa Sahara da su, da yawa ba sa kai wa.

Da la'asar sakaliya muka fita bayan gari, inda aka nuna mana cewa nan tsohon birni ya kai. Gonaki ne da tuddai, amma ko'ina ka taka tsingaro ne, ja da baƙi, wasu da zane. Ɗan'uwana ya tono wata 'yar tsakiya shuɗiya da yatsa, ƙarama, da hudarta. Muka tsaya muna jujjuya ta, kowa na tunanin wuyan da ta taɓa rataya. Muka jira har duhu ya rufa. Mun hango fitilu can nesa, suna motsi, suka ɓace. Abokinmu ya ce makiyaya ne, ɗan'uwana ya ce ba su ba ne, kuma har yau in sun haɗu ba su daidaita ba.

Washegari muka je hubbaren Shehunan Borno, inda Shehu Laminu da wasu magadansa ke kwance. Wani malami da ke zaune da almajiransa ya tambaye mu abin da ya kawo mu, muka faɗa masa gaskiya. Bai yi mana tsawa ba. Ya ce, "Samari, aljanu gaskiya ne, Allah ya ambace su, har sura guda aka saukar da sunansu. Suna da harkarsu, kuna da taku, ba a umarce ku da bin sawunsu ba. Matattu kuwa ba sa yawo, suna inda suke suna jiran addu'arku. Ku cire takalma ku zo in koya muku yadda ake yi musu sallama." Muka bi shi. Ya nuna mana kaburburan ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunan mai kowanne da abin da ya faru a zamaninsa, babu takarda a hannunsa. Ya ce Alƙur'ani ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don ganin yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, in dai da wannan niyya muka zo, to tafiyarmu ibada ce. Wannan magana ta zauna mini, ita ce kuma ta sa tafiyarmu ta gaba ta bambanta.

Gazargamu ta fi nisa, ta fi wuyar zuwa. Tana kusa da Gaidam, a wancan lokaci duk cikin Jihar Borno, kafin a yanke Yobe a 1991. Mai Ali Gaji ne ya kafa ta wajen shekarar 1470, ta riƙe daular Borno fiye da shekara ɗari uku. A nan Mai Idris Alauma ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 16, limaminsa Ahmad bin Furtuwa ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙensa. A 1808 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Gwani Muktar suka ci birnin. Shehu Laminu ya taimaka aka ƙwato shi, aka sāke cinsa, daga ƙarshe aka bar shi gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne tudun ganuwa da ya kewaye fili mai faɗin gaske, da ragowar jan bulo gasasshe a inda fada take, irin wanda ake gani a Gambaru da ke kusa, a gaɓar kogin Yobe.

Babu gida ko ɗaya a ciki. Sai ƙaya da yashi da garken awaki. Ɗan'uwana ya ɗauki rabin bulo, ja wur, mai nauyi, gefensa a goge, zai sa a jaka. Wani dattijon makiyayi da ke tsaye a inuwa ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan samari, ajiye musu kayansu." Muka ce, "Baba, su wa?" Ya ce, "Masu gari. Wanda ya ɗauka sai sun bi shi har gida." Ɗan'uwana ya mai da shi daidai gurbin da ya ciro shi. Na daɗe ina tunanin wannan. Wurin ba shi da shinge, ba shi da mai gadi mai albashi, kuma ga mutane masu buƙatar abin gini a kewaye. Tsoron masu gari yana cikin abin da ya sa muka tarar da sauran bulo a wurin bayan shekara fiye da 170. Haka tsoffin kukoki da tsamiyoyi da yawa suka tsira daga gatari a ƙasar Hausa.

Abin da ya fi taɓa ni a Gazargamu shi ne abokinmu Babarbare. Mai surutu ne, amma tun da muka hau ganuwa ya yi tsit. Da na matsa masa sai ya ce kakarsa in tana lissafin asalinsu, daga fashewar Birni take farawa. Mu a makaranta ta fuskar Sakkwato muka karanta jihadi, da nasarorinsa da malamansa, kuma abin alfahari ne gare mu. Ranar na ji yadda labarin yake a bakin waɗanda birninsu ya faɗi, mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru cikin Musulunci kafin lokacin. Daga baya na karanta cewa Shehu Laminu da Muhammadu Bello sun yi musayar wasiƙu a kan wannan batu, kowa na kafa hujjarsa da ilimi. Abotarmu ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa da ta yi, don na san inda ke yi masa ciwo.

Da na girma na fahimci cewa ba kowane kango ne ake cewa yana da aljanu ba. Inda aka zubar da jini, inda aka sayar da mutane, inda aka tashi gari da ƙarfi, nan labaran suka fi taruwa. Talakan da ya ɗauki ruwan gini ba a rubuta sunansa a littafi ba, yarinyar da aka sayar a kasuwar Kukawa ba ta da hubbare. Jikokinsu ba su da alƙalami, sai suka adana abin a cikin labarin ƙarar sarƙa da fitilun dare. Ba mu kaɗai ke haka ba. A Hasumiyar Landan, inda aka sare kan sarauniya Anne Boleyn a 1536, har yau ana cewa ana ganin fatalwarta, mutane kuma na biyan kuɗi su shiga. A Elmina ta ƙasar Gana, gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, baƙi na fitowa daga kurkukun bayi suna kuka. Bambancinmu da su shi ne sun gyara wurarensu, sun horar da masu yi wa baƙi bayani, sun rubuta abin da tsofaffinsu suka faɗa.

Mu kuwa, tun daga 2009 hanyoyin da muka bi cikin kwanciyar hankali suka zama na sai da rakiyar soja. Dikwa ta faɗa hannun 'yan Boko Haram kafin a ƙwato ta a 2015. A shekarar ce aka yi kisan Baga, aka kuma kashe masallata a Kukawa cikin watan azumi. Da idonmu muka ga yadda ake yin kufai: ƙauyukan da muka sha ruwa a cikinsu sun zama kango, mutanensu sun cika sansanonin Bakasi da Dalori da Muna. Tsofaffi irin mai gadin Dikwa da malamin Kukawa da yawa sun rasu a gudun hijira, abin da ke kansu ya tafi tare da su. Kaset ɗinmu ma, da na adana shekara da shekaru, ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ta tafi da shi tare da takardu da hotunan gidaje masu yawa. Abin da na rubuta a nan daga ƙwaƙwalwata na ɗebo shi.

Don haka nake kira ga Jami'ar Maiduguri da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da masarautun Borno da Dikwa da Gazargamu, su haɗa hannu a gyara waɗannan wurare tun damina ba ta gama cinye su ba, a kuma tura ɗalibai su naɗi bayanin dattawan da suka rage. Malaman makaranta, duk inda hanya ta yi lafiya, ku kai yara su gani, gani ya kori ji. Ku kuma samari, kowannenku na da waya a aljihu wadda ta fi rikodarmu nesa ba kusa ba. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku ko a unguwarku da ya fito daga Dikwa ko Kukawa ko Baga ko Bama, ku je ku durƙusa ku gaishe shi, ku tambaye shi sunan garinsu da na kakanninsa da abin da ya gani, ku naɗa, ku ajiye a wuri fiye da ɗaya. Ku yi shi a wannan makon, kada ku jira wata shekara.